Ranar CAPED ba ranar hutu ba ce

Ƴan kasuwa da mata masu sana'a a Yamai, mukan yi gunaguni idan aka ce malamai sun tafi CAPED. Mu sassauta. CAPED zama ne na malaman firamare na makarantu maƙwabta: ɗaya ya koyar da darasi, sauran su duba su gyara masa, kamar yadda sabon ɗan tebur a Katako yake koyon ciniki wurin na gaba da shi.

Yawancin malamanmu ƴan kwantaragi ne, wasu sun riƙa alli ba tare da isasshen horo ba. A binciken PASEC na 2014, yaran Nijar masu gama firamare da suka iya karatu sosai ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 sun kai wajen 3. Da sauran aiki, kuma mu ke biyan kuɗin darasin gida don cike giɓin.

Saboda haka mu je taron COGES, mu tambayi darakta: yaushe aka yi zaman, me ya sauya a aji? Hukuma kuma ta biya malamai kuɗin mota a kan kari, don kada zaman ya mutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.