Amazon ya samu shekara 15, 'yan sanda biyar: Yadda gundumomin Amurka ke raba kuɗin haraji

A watan Mayun 2023, hukumomin gundumar Morrow da ke jihar Oregon a Amurka suka amince da yi wa kamfanin Amazon rangwamen harajin da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 1 cikin shekara 15, domin ya gina sabbin cibiyoyin adana bayanai guda biyar.

Mutanen gundumar ba su wuce 12,000 da 'yan kai ba. Idan aka raba kuɗin, kowane mutum zai tashi da fiye da dala 80,000.

Ba a cika shekara ɗaya ba, a watan Maris na 2024, hukumar lafiyar gundumar ta janye motocinta na ɗaukar marasa lafiya bayan doguwar taƙaddama da kwamishinoni kan wanda zai riƙe aikin. Sai 'yan kwana-kwanan garin Boardman ne suka karɓi nauyin. Amazon ba shi ya haddasa rikicin ba, amma batutuwan biyu a teburi ɗaya ake yanke su, kuma daga aljihu ɗaya suke ci.

Ina kuɗin tsaro ke fitowa?

Gunduma a Amurka ta yi kama da ƙaramar hukuma, sai dai nauyinta ya fi yawa. Ita ke da gidan yari da ofishin sherif, wato zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan yankin. A Oregon kuma ita ke tsara wanda zai ɗauki maras lafiya a kowane yanki.

Babban abin da ake riƙe waɗannan ayyuka da shi shi ne harajin gidaje da filaye da gine-ginen kamfanoni. Oregon ba ta karɓar harajin cinikin kaya, sannan dokokin da masu zaɓe suka amince da su a 1990 da 1997 sun ɗaure hannun gundumomi: kowacce tana da adadin haraji na dindindin da ba ta da ikon ƙarawa, kuma ƙimar da ake lissafa harajin gida a kanta ba ta hawa fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara.

Idan kuɗin sun gaza, gunduma za ta koma wurin jama'a ta nemi ƙarin haraji na wucin gadi. Doka ta ce irin wannan ƙari na gudanar da aiki ba ya wuce shekara biyar.

A nan rashin daidaiton yake. Kamfani na iya samun tabbacin shekara 15 da ƙuri'ar 'yan tsirarun jami'ai. Sherif kuwa sai ya shawo kan dubban masu zaɓe, bayan 'yan shekaru ya sake komawa roƙo.

Abin da ya faru a Josephine

Gundumar Josephine da ke kudancin jihar ta ga abin da ke biyo baya idan masu zaɓe suka ce a'a. Shekara da shekaru tana dogara da kasonta na kuɗin katakon dazukan gwamnatin tarayya, don haka harajinta na dindindin ya tsaya a kusan santi 59 kan kowace dala 1,000 ta ƙimar kadara, mafi ƙanƙanta a jihar.

Da kuɗin tarayya suka ja baya, aka nemi ƙari a watan Mayun 2012, jama'a suka ƙi. Aka sallami 'yan sanda da dama, aka saki fursunoni 39, sintiri ya koma na rana kawai, daga Litinin zuwa Juma'a.

A watan Agustan wannan shekarar wata mata ta kira lambar gaggawa ta 911 a ƙarshen mako, tsohon saurayinta yana ƙoƙarin fasa mata ƙofa. Babu jami'in da za a tura. Ya shiga, ya yi mata fyaɗe. Duk da haka sai a 2017 masu zaɓe suka amince da ƙarin harajin.

Hujjar masu goyon bayan rangwame

Masu kare yarjejeniyar Morrow suna da abin faɗa. Ko da rangwamen, Amazon na cikin manyan masu biyan haraji a gundumar, yana kuma biyan wasu kuɗaɗe a madadin abin da aka yafe. Suna cewa idan an ƙi, zai tsallaka gundumar Umatilla da ke maƙwabtaka, ko ya haye kogin Kolumbiya zuwa jihar Washington.

Sai dai kuɗin madadin ba daidai yake da haraji ba. Haraji doka ce ke raba shi, kowace hukumar lafiya ko ta kashe gobara ta san kasonta. Kuɗin madadin kuwa waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar ne ke da babbar murya kan inda zai tafi. Ga shi kuma abin da ya jawo kamfanin tun farko, wato fili da lantarki mai sauƙi da ruwa, yana nan ko da rangwame ko babu.

Akwai kuma batun amana. A 2018 wasu jami'an yankin sun shiga cikin waɗanda suka sayi Windwave, kamfanin da ke shimfiɗa wa cibiyoyin Amazon wayoyin intanet, alhali suna cikin hukumomin da ke hulɗa da Amazon ɗin. A 2025 babban lauyan jihar, Dan Rayfield, ya kai su kotu bisa zargin cewa sun saye shi ƙasa da ƙimarsa.

Wa'adin kwamishinan gunduma a Morrow shekara huɗu ne. Kafin rangwamen da aka amince da shi a 2023 ya ƙare, za a yi zaɓen kowace kujera aƙalla sau uku.