Hatsin ci daban, hatsin shuka daban

Duk shekara, in watan Mayu ya kama, manoman Barmu, Afala da Takanamat sukan shigo kasuwar Tawa neman iri. Da yawansu sun riga sun cinye wanda suka ajiye a rumbu. Mai awo ta ɗebo daga buhu guda, ta auna wa mai neman fura, ta auna wa mai neman shuka. A nan matsalar take.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sani: hatsi ba ɗaya ba ne. Gergera, irinmu na Adar, ta saba da ƙasarmu da gajeriyar daminarmu. HKP na hukumar INRAN yana nuna cikin kamar wata uku. Chakti, wanda aka fitar a Nijar a 2018, ya fi shi sauri. Amma maiwa sai ta sha wata huɗu ko fiye, zango mai dogon kai kuwa ɗan ƙasar Maraɗi ne, inda ruwa ya fi namu. Duk wanda ya shuka su arewa da Tawa yana iya tashi da kara ba tsaba. Ga kuma shibra: in ta shiga cikin iri, sai ta cika gona da kawunan da ke zubar da ƙwaya tun kafin girbi. Mun yarda ita ke ceton gidaje cikin watan Agusta, amma ba wanda ya taɓa cika rumbu da ita.

Ba mu manta da 2005 ba, bayan fari da farar ɗango na 2004, lokacin da mutanen karkara suka koma cin anza. A irin wannan shekara makiyayi ma yana shan wuya, don kyasuwa da ƙarangiya kan ƙare a daji, damin kara ya koma abin ciniki a bakin hanyar Abalak.

Roƙonmu ba mai tsada ba ne. Dillali ya faɗi inda ya ɗauko buhunsa. Ke kuma, uwar gida mai tiya, ki tambayi mai saye: na ci ne ko na shuka? In na shuka ne, ki ware masa buhun da kika san asalinsa, ko da za ki ƙara dala biyar. In gonarsa ta yi kyau, a hannunsa za ki sari hatsi da arha a watan Oktoba.