Zauren Iyali: Ina Labarin Waɗanda Suka Yi Gabas?

Kusan kowane gida a cikinmu yana da kaka ko kawu wanda aka ce "ya yi gabas", ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A wannan fitowa za mu bi sawunsu zuwa Khartum da Omdurman, a ƙasar Sudan.

Kafin jirgin sama ya yawaita, da ƙafa da jaki ake tafiya hajji. Ayari kan bi ta Barno da Abeshe, ya ratsa Darfur zuwa El Obeid, ya tsallake kogin Nilu, ya nufi Suwakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru, domin idan guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, hannun mutanenmu ya yi aiki mai yawa a cikinsu.

A Khartum kuwa, da yawansu sun zauna a unguwar Ishash Fallata, daura da Mantiƙa Sinaiya, wato unguwar masana'antu, inda makanikai da masu walda da mata masu shayi suke neman na tuwo. A shekarun 1990 hukuma ta tashe su zuwa unguwar Inƙaz. Sun bar alama har a bakin 'yan ƙasa: gasasshen naman nan mai ƙuli-ƙuli da Sudanawa ke ƙauna, agashe suke kiransa, sunan da muka ba shi. Mu ma mun amfana da karamcinsu. A watan azumi sukan shimfiɗa tabarmi a bakin titi, su tare matafiyi su ce lallai sai ya sha ruwa da su. Ɗaruruwan 'ya'yanmu kuma sun yi karatu a Jami'ar Afirka ta Khartum.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu. Ɗalibanmu an kwaso su ta Masar da Port Sudan, domin suna da fasfo da gidan komawa. Amma jikan alhajin da aka haifa a Omdurman, ɗan Sudan ne, kuma sau da yawa sunan garin kakansa kawai ya sani. Wa zai nema a nan, in mu ma mun manta da shi?

Don haka muna roƙon kowane magidanci ya zauna da tsofaffin gidansa tun suna raye. A tambaye su sunan wanda ya tafi, da na mahaifinsa, da zamanin tafiyarsa, da garin da aka yi masa jin ƙarshe. A rubuta a ajiye, a karanta wa yara. Idan kuma wani ɗan gudun hijira ya sauka unguwarmu, a tuna da tabarmar da aka shimfiɗa wa kakanninmu. Zumunta dai a ƙafa take.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya sada mu da danginmu cikin alheri, amin.