Karo-karo don ajin Malama a Jibiya: wa zai riƙe kuɗin?



Kwanakin baya wata 'yar'uwa, malamar firamare a wata makarantar gwamnati da ke ƙaramar hukumar Jibiya, ta tsaya ni bayan sujada da wayarta a hannu. Ta rubuta saƙon neman taimako, tana so in duba kafin ta tura shi zauren WhatsApp na Zumuntar Mata da na abokan karatunta na kwalejin horon malamai. Abin da take nema ba shi da yawa: kwamfutar tafi-da-gidanka guda biyu, ko da 'yan gwanjo ne, da faifan sola ɗaya da batir. A ƙasan saƙon ta sa lambar asusunta na banki, ta haɗa da hoton yaran ajinta zaune a ƙasa. Ta ce da ni, "Baba Pasto, an ce mu koya musu kwamfuta. Ni kuwa da alli nake zana musu ita a jikin allo."

Na ce mata, "Malama, dakata tukuna, kada ki tura." Ranta bai so ba, na kuma gane. Ina so in bayyana dalilina a nan, domin irin wannan saƙo ya fara yawa a wayoyin masu bi, kuma yawancin ikkilisiyoyinmu ba su zauna sun yi shawarar yadda za su karɓe shi ba.

Bukatar Malama gaskiya ce. A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhajar karatu, kuma a cikin darussan aji huɗu zuwa shida na firamare har da sanin makamar kwamfuta da intanet. Hukumar NITDA ta daɗe tana faɗin burinta na ganin kashi 95 cikin 100 na 'yan Najeriya sun iya aiki da waɗannan na'urori nan da 2030. Ko ba a yi maganar manhaja ba, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaron da ya taso a ƙauyen Jibiya bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba, ranar da zai fara taɓa su ita ce ranar da ake auna makomarsa, gefensa kuma ga ɗan birni da ya saba da su tun yana aji uku. Yaran nan ba su fi na wani wuri rashin ƙwaƙwalwa ba. Kayan aiki ne babu.

Wanda bai san Jibiya ba zai ce, to iyayen yara su haɗa kuɗin mana. Jibiya gari ne da cinsa da shansa suka rataya a kan iyaka. Daga Magama ka tsallaka sai Ɗan Isa, sai Maradi. Direba, ɗan dako, mai canjin sefa, mai sayar da abinci a tasha, duk motsin hanyar nan suke jira. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, kuma ta Jibiya ba ta cikin waɗanda aka fara buɗewa a ƙarshen 2020. Sai a watan Afrilu na 2022 aka buɗe ta. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa har watan Maris na 2024. A tsakanin nan ga 'yan bindiga sun hana noma a ƙauyuka da yawa, mutane suka kwararo cikin gari, wasu har makarantu suka zama masaukinsu. Aljihun da za a ce ya sayi kwamfuta, shi ne aljihun da ya sha biyan kuɗin fansa. Mu Kirista mun san wannan ɗacin: bayan sace ɗaliban makarantar Bethel Baptist a Kaduna a watan Yuli na 2021, iyaye da ikkilisiyoyi sun yi watanni suna karo-karo don a sako 'ya'yansu. Mutanenmu sun iya haɗa kuɗi. Abin baƙin cikin shi ne irin abin da aka tilasta musu haɗawa dominsa.

Shi ya sa malami ke ɗaga ido ya dubi nesa: 'yan'uwa a Kano da Abuja, tsofaffin ɗalibai, wani ɗan gari da ke Ingila. Wannan dabara ba a nan aka fara ta ba. A shekarar 2000 wani malamin makarantar gwamnati a unguwar Bronx ta birnin New York, Charles Best, ya kafa dandalin DonorsChoose. Malami ya rubuta abin da ajinsa ke bukata, jama'a su ba da abin da suka iya. Mutane da yawa sun san wannan ɓangaren. Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne ya fi damuna: a tsarin nasu, kuɗin ba ya shiga hannun malami. Ƙungiyar ce take tantance bukatar, ta sayi kayan, ta aika makaranta, ta nuna wa masu bayarwa inda kowace dala ta tafi. Dandalin na makarantun gwamnatin Amurka ne kawai, malamin Jibiya ba shi da shiga. Don haka mu sai muka kwaikwayi roƙon, muka bar shingen da ke kare mai roƙon. Abin da ya rage shi ne lambar asusun mutum ɗaya tana yawo daga waya zuwa waya.

A nan ne na ji tsoro domin Malama. Ita Kirista ce da ke koyar da yara waɗanda kusan dukansu 'ya'yan Musulmi ne, a garin da masu bi ba su da yawa. Jarinta a wurin shi ne sunanta. Ranar da kuɗi suka shiga asusun da albashinta ke shiga, sun gauraye. Idan ta ɗinka sabon zani a watan nan, akwai mai cewa kuɗin yara ne. Idan kwamfutar ta lalace bayan wata uku, kamar yadda kayan gwanjo suka saba, akwai mai cewa ta sayi mai arha ta ci sauran. Idan shugaban makaranta ya ji labarin a bakin wani, zai ga an tsallake shi an je an tallata talaucin makarantarsa. Idan kuma aka ji daga coci kuɗin suka fito ba tare da an yi wa iyaye bayani ba, ba sai na faɗa muku irin fassarar da za a yi ba. Ba lallai ta ci ko kwabo ba kafin shaidarta ta zube. Zargi kaɗai ya isa.

Sai maganar hoto. A jihar da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, bai kamata wani ya sa fuskokin yara da sunan makarantarsu da adadin kuɗin da aka tara a saƙo ɗaya ba. Saƙon WhatsApp ba ya tsayawa inda aka aika shi. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Jibiya a farkon 2025 ya sa hanyoyi sun ɗan yi sauƙi, mun gode wa Allah, amma masu kai musu rahoto ba su bar gari ba. Ban da wannan, yaran ba namu ba ne. Wane uba ne aka tambaya kafin a nuna wa duniya ɗansa zaune a ƙasa da yagaggiyar riga? Gargaɗin Ubangiji a Matiyu sura 6 game da yin sadaka don idon mutane ya shafi mai bayarwa, amma ina ganin ya kamata mai tarawa ma ya ji shi, tun da a zamanin nan hoton talaka ya zama abin jawo kuɗi.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu babu misali ba. Manzo Bulus ya yi shekaru yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya da Galatiya domin matalautan masu bi da ke Urushalima. Ku karanta 1 Korintiyawa 16:1-4 da 2 Korintiyawa sura 8 da 9 a hankali, ku lura da tsarin, ba da kiran bayarwa kaɗai ba. Kowa ya ware nasa a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. Ikkilisiyar da ta bayar ita ce za ta zaɓi waɗanda za su kai. Titus bai tafi shi kaɗai ba, an haɗa shi da 'yan'uwa biyu, ɗaya kuwa ikkilisiyoyi ne da kansu suka naɗa shi. Bulus ya faɗi dalili a fili: ba ya so kowa ya sami abin zargi a kan yadda aka riƙe wannan kyauta, kuma bai ishe shi a ce Allah ya san gaskiyarsa ba, yana so mutane ma su gani. Idan manzo bai yarda ya ɗauki jakar shi kaɗai ba, don me za mu bar malamar aji biyar ta ɗauka? A 2 Sarakuna 12 ma, da gyaran Haikali ya tsaya a zamanin sarki Yowash, akwati aka huda aka ajiye, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare. Mun yi wa'azin mai bayarwa da daɗin rai sau ba adadi. Wa'azin masu ƙirgawa biyu ne ya yi mana ƙaranci, har a baikonmu na Lahadi, amma wannan zance ne na wata rana.

Akwai abin da karo-karo ba zai iya ba ko an yi shi da tsabta. Yana bin mai baki ne, ba mai bukata ba. Malama tana da babbar waya, ta iya rubutu mai taɓa zuciya, tana da abokai a birni. Malamin da ke ƙauyen da sabis ba ya kaiwa, wanda ajinsa ko rufi babu, ba wanda zai ji shi. Mutanen Jibiya sun san yadda rayuwa take babu layi: a watan Satumba na 2021 an katse sadarwar waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya, aka yi watanni a haka. Duk darasin da ya dogara da intanet, rana ɗaya umarni daga sama zai iya kashe shi. Kuɗin data ma ya ƙaru tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Mai bayarwa yana son sayen abin da za a ɗauka a hoto. Batirin da zai mutu baɗi, da data na kowane wata, da mai gyara, a wuyan malami suke komawa.

Kada kuma alherinmu ya zama mayafin masu hakki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar tana kukan cewa biliyoyin naira na zaune domin jihohi da dama ba su kawo nasu ba. Wanda ya rubuta darasi a manhaja shi ne ya ɗauki alkawarin kayan koyar da shi. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maradi, ta Katsina da Jibiya, aikin da aka ƙaddamar a watan Fabrairu na 2021. In ya kammala, tikiti da takardun kwastan da lissafin kaya duk a kwamfuta za a yi su. Ko 'ya'yan Jibiya ne za su zauna a kujerun nan, ko kuwa dako za su ci gaba da yi wa baƙi, a ajin firamare ake yanke hukuncin yanzu. Mai bi da ke cikin kwamitin kula da makaranta na unguwa, ko ƙungiyar iyaye da malamai, ko ƙungiyar malamai ta NUT, ya tambayi sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce: ina kayan wannan darasi? Tambayar ba rashin ladabi ba ce.

Ga abin da muka yi da Malama. Ta fara zuwa wurin shugaban makarantarta, shi kuma ya kira kwamitin iyaye, aka amince cewa kayan na makaranta ne, na kowane yaro ne, za a rubuta su a littafin kayan makaranta. Dattawan ikkilisiya suka naɗa mutum biyu, ma'aji da wata uwa daga Zumuntar Mata, su karɓi gudummawa su karanta lissafi a gaban jama'a. Ba a sa hoton yaro ko ɗaya ba, ba a ambaci sunan makaranta a saƙon ba. Aka ce kayan za a saya a miƙa a gaban kwamitin, ba kuɗi ba, a kuma ware wani abu don gyara. Wani matashi a cikinmu da ya karanta kwamfuta ya ɗauki nauyin zama da ita ranar Asabar, domin ita kanta ta faɗa ba kunya cewa abin da ta sani bai wuce na waya ba. Shi ne ya nuna mata dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, mai darussa kyauta har da na Hausa.

Kuɗin da aka samu bai kai na kwamfuta biyu ba, ɗaya aka saya. Yara suna zuwa gabanta biyar-biyar, kowa ya rubuta sunansa ya goge. Sauran kuma, kafin layi ya zo kansu, Malama tana koya musu abin da ba ya bukatar wuta: kada ka faɗa wa mai kira lambar sirrin katin mahaifiyarka ko ya ce daga banki yake, kada ka tura muryar da ba ka san mai ita ba, ka tambayi wa ya ɗauki hoton nan kuma yaushe. Makon jiya ta gaya mini shugaban kwamitin iyayen, wani Alhaji mai shago a kasuwa, ya ce a riƙa kawo kwamfutar gidansa tana kwana, domin ƙofar ofishin makarantar ba ta da kwaɗo.