Otel-otel na ƙasarmu da sabbin na'urori: ina makomar ma'aikata?

A watan Yuli na shekarar 2019 birnin Yamai ya karɓi baƙuncin taron shugabannin Tarayyar Afrika. Sabili da wannan taro aka gyara filin jirgin sama na Diori Hamani, aka kuma buɗe manyan masaukai irin su Radisson Blu, Bravia da Noom. Kafin nan, otel Gaweye, wanda aka gina da arzikin uraniyom a farkon shekarun 1980, shi ne abin kwatance. Sabbin gidajen sun zo da sabon salon aiki, kuma wannan salo shi ne yake bazuwa sannu a hankali zuwa Maraɗi, Damagaram, Tawa da Agadas.

A da, mai tarbar baƙi babban littafi yake da shi da alƙalami. Ya rubuta sunan baƙo, ya ciro makulli daga allo ya miƙa masa. Yau baƙo yana kama ɗaki ta intanet tun yana ƙasarsu, ana buɗe ƙofa da kati, ana biyan kuɗi ta salula ko ta katin banki. Tun shekarar 2021 kuma hukumar haraji ta shigo da rasit mai shaida, wanda sai da na'ura ake fitar da shi. Ke nan wanda bai iya kwamfuta ba, ba ya iya zama a teburin tarba ko wurin karɓar kuɗi, kome daɗewarsa a gidan.

Abin bai tsaya nan ba. Kuku yana aiki da tanda mai lissafin zafi da ɗakin sanyi, wajibi ne ya karanta ranar lalacewar kaya. Mai gyaran ɗaki yana aiki da magungunan wanki waɗanda aka rubuta ma'auninsu a jikin kwalba. Annobar korona ta 2020 ta ƙara tsananta ƙa'idodin tsabta. Da Najeriya ta yanke wutar lantarki a watan Agusta na 2023, masu otel sun gane darajar ma'aikacin da ya san injin wuta da faifan hasken rana, domin in sanyi ya ɗauke, nama ya ruɓe, baƙo ya tashi.

To, wa ke cikin hatsari? Su ne tsofaffin ma'aikata da suka koyi aiki da ido da hannu, ba su shiga lakwal ba. Suna da ladabi, sun san halin baƙo, amma takarda ta tsaya masu a gaba. In aka sallame su, iyali da yawa za su rasa abinci, gidan kuma ya yi asarar gwanintar shekaru. In kuma ba a horar da ƴan ƙasa ba, manyan muƙamai za su tafi hannun waɗanda aka ɗauko daga waje, namu su tsaya ga ɗaukar kaya da shara.

Maganin yana hannun ɓangare uku. Masu otel su sani cewa sayen na'ura ba tare da horo ba asarar kuɗi ce. Su ware sa'o'i a mako domin koyar da ma'aikatansu, su haɗa tsoho da yaro, wannan ya koya wa wancan kwamfuta, wancan ya koya masa tarbar mutane. Hukuma tana da asusun FAFPA na tallafa wa koyon sana'a; ya kamata horonsa ya kai ga ƙananan masaukai na jahohi, waɗanda ke cika maƙil lokacin kokowar takobi ko bikin gishiri na Ingal. Sandika kuwa ta sa maganar horo cikin buƙatunta, daidai da maganar albashi.

Ku kuma da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ku riƙe karatunku da kyau. Wanda ya iya karatu da lissafi da Hausa ya riga ya yi rabin tafiya. Ƙarin Faransanci da danna na'ura ba za su gagare shi ba. Na'ura tana buɗe ƙofa, tana lissafin kuɗi, amma ba ta yi wa baƙo sannu da zuwa. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ma'aikacin da ya haɗa wannan hali da sabon ilimi, shi ne otel ba zai iya rabuwa da shi ba.