Sharhi: Abin da Magaria da Dungass za su koya daga Bakhita

A ranar 8 ga watan Fabrairun kowace shekara, mabiya ɗarikar Katolika a duniya, har da 'yan tsirarun da ke jihar Damagaram, suna tunawa da waliyyiyarsu Josephine Bakhita. Tun daga 2015, zamanin Paparoma Francis, aka mayar da ranar ta addu'a da wayar da kai kan safarar mutane.

An haifi Bakhita a Darfur wajen 1869. 'Yan fataucin bayi suka sace ta tana ƙaramar yarinya, aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu har ta tsinci kanta a Italiya. A 1889 kotu ta tabbatar da cewa ita 'ya ce, ba baiwa ba. Ta shiga cikin sistoci, ta rasu a 1947, kuma a shekarar 2000 aka ayyana ta a matsayin waliyyiya.

Tasirinta bai tsaya a bakin addu'a ba. Ƙungiyar sistoci ta Talitha Kum, da aka kafa a 2009, tana aikin ceto da tsugunar da waɗanda aka yi safararsu a ƙasashe da dama.

Kusan duk mazauna Magaria da Dungass Musulmi ne, amma ciwon da Bakhita ta ɗanɗana ba baƙo ba ne a yankin. Talauci da ƙarancin cimaka na ci gaba da tura mata da yara bara a Aljeriya da biranen Najeriya, dillalai na cin riba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada, akasari mata da yara, yawancinsu daga Kantche mai maƙwabtaka.

Musulmi ma suna da tasu abar koyi. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta kafa 'Yan Taru, jajojinta suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Ita ma aikin da ta bari ne ya raya sunanta.

Saboda haka ya kamata malamai, limaman coci da sarakuna su haɗa murya kan dillalan bara, hukuma kuma ta hukunta su. 'Yan ci-rani da ke aiko kuɗi gida su ware wani abu don karatun ƙannensu mata. Yarinyar da ke aji, da wuya dillali ya ɗora ta a motar Agadas.