2023 ta wuce: takunkumin nan a kan wa ya faɗa?

Shekara ta ƙare, bari mu yi lissafi.

A farkon 2023 ni ma ina cikin masu gardamar Rasha da Yukiren a fada, kamar muna kallon ƙwallo. A Afrilu yaƙi ya ɓarke a Sudan, muka ce Allah ya kyauta, muka ci gaba da shan shayi. Sai ran 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Bazoum, ran 30 CEDEAO ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba mana takunkumi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta. Daga nan na daina dariya.

Masu cewa takunkumi ne maganin juyin mulki, ku ba ni amsa: wa ya ji a jikinsa? Janar? Ko mai sayar da ƙanƙara a Damagaram da firigonta ya tsaya? Ko ɗan kasuwar Maraɗi da kayansa suka maƙale a Ɗan Isa? Ko mai ciwon suga da ke yawo farmasi-farmasi? Katsina da Maraɗi dangi ɗaya ne, amma takarda daga Abuja ta raba su.

Kar wani ya ce sojoji nake karewa. Sojojin Faransa sun fita a Disamba, mun yi murna, amma buhun shinkafa bai sauko ba. Masu mulkin yanzu ma sai sun ba mu amsa.

Ni dai na canza: kafin in tafa wa kowa, sai na leƙa tukunyar maƙwabcina. Allah ya sa 2024 ta fi alheri.